Jinin Nomau da Launin Zoɓo

Kwanakin baya na raka wani jikana asibiti a Zariya, aka ɗebi jininsa don a ga ko maganin farfaɗiyar da yake sha ya kai yadda ake so a jikinsa. Muna zaman jira sai na leƙa ɗakin gwaji. Wata yarinya mai farar riga ta saka 'yar kwalbar jinin cikin wani inji, ta danna, ta koma kujerarta. Na ce mata ni ma irin aikin da na yi ke nan a zamanina. Ta yi murmushi ta ce, "Ayya Baba, ai ba wani aiki ba ne. Inji ke yi, mu lamba kawai muke kwafewa."

Ban yi mata gardama ba, don a bakin aikinta take. Amma ina so ita da tsararrakinta su san abin da injin nan yake yi a cikin cikinsa, domin mu da hannu muka yi shi, da ido, da baki.

Na shiga wannan sana'a a farkon shekarun 1960, a wani ƙaramin asibitin mishan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, tsakiyar gonakin auduga da dawa. Ɗakin gwajinmu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da teburin siminti, da babbar taga wadda inuwar wani darbejiya ke tare mata rana. Ba don ado aka yi tagar ba. Aikinmu duk na kallon launi ne, kuma launi ba ya son haske mai zafi.

Maigidana a aikin shi ne Oga Matiyu, mutumin Kudu, wanda ya daɗe a ƙasar Katsina har goro ya rina masa haƙora. Hausarsa tana fita sarai, abu ɗaya ne ya gagare shi: kowa namiji ne a bakinsa. Tsofaffin mata sukan ce masa, "Oga, yaushe na zama namiji?" Sai ya ce, "Yi haƙuri Mama, miƙo hannunka."

Aikin farko da ya ba ni shi ne wankin kwalabe, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton an manta da ni. Wankin ba irin na kwanon tuwo ba ne. Za ka wanke da sabulu, ka ɗauraye da ruwan rijiya, ka sake da ruwan sama da muke tarewa daga kwano, sannan ka gama da tataccen ruwa, wanda muke dafawa a kan risho muna tare tururinsa ɗigo-ɗigo. Oga yakan ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta saitin taga. Idan ruwa ya kwanta a jikinta sumul, ta wanku. Idan ya tsaya tsilli-tsilli, akwai sauran maiƙo, sai ya mayar da tiren gaba ɗaya cikin baho, ba kwalbar nan kaɗai ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Yakan ce kawai, "Sake," ya koma kan aikinsa.

Daga wanki sai fifet. Fifet wani siririn bututun gilashi ne mai layuka a jikinsa, da shi ake auna ruwa ɗan kaɗan. A lokacin da baki ake zuƙa, ka toshe saman da ɗan yatsa, ka riƙa sassautawa har ruwan ya sauko daidai kan layi. Yanzu an hana yin haka, kuma an yi daidai, don abin da muke zuƙa jini ne da asid. Oga yana da dabararsa ta koyarwa. Yakan jiƙa ɓawon maɗaci ya ba sabon shiga ya yi ta gwaji da ruwan. Duk wanda ya zuƙa ya wuce layi ba sai an gaya masa ba, kuma ranar ko tuwo ba zai yi masa daɗi ba. Wanda ya koya da maɗaci ba ya wasa da asid.

Yanzu bari in faɗi abin da muke aunawa. Babban aikin asibitin nan shi ne kula da masu kuturta, kuma maganinta a lokacin wata 'yar farar ƙwaya ce mai suna dafson, wadda ake ba mutum sau biyu a mako har tsawon shekaru. Magani ne mai kyau, amma yana da iyaka. Idan ya yi kaɗan a jiki, cutar tana ci gaba da cin jijiya har yatsu su mutu. Idan ya yi yawa, yana farfasa jini, mutum ya ɗashe, leɓɓansa su yi shuɗi, numfashi ya gagare shi. Likitarmu, wata Baturiya mai tsananin bin diddigi, ba ta yarda ta tsaya kan abin da aka ba mutum a hannu ba. So take ta san abin da ya isa cikin jininsa. Ba kowane asibiti ke yin wannan awo ba a zamanin, mu ma sai an tara mutane ake yi, rana guda a mako.

Ranar awo takan fara ne da ɗibar jini. Ana zuba shi cikin kwalba mai 'yar hoda a gindi, wadda ke hana shi daskarewa. Daga nan sai injin juyi. Namu na hannu ne, an ɗaure shi a gefen tebur, yana da mariƙi kamar na injin markaɗe. Za ka saka kwalabe biyu masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna, ka yi ta murzawa. In nauyinsu ya bambanta, teburin ma rawa yake yi. Ba mu da abin auna gudunsa, da kunne muke ganewa: akwai wani kuka siriri da yake yi idan ya kai, kuma dole ka riƙe shi a kan wannan kukan har agogon tebur ya kaɗa. Ni dai kafaɗata ta dama ta fi ta hagu kauri har yau.

Idan ka ciro kwalbar za ka ga jinin ya rabu biyu. Ja ya kwanta a ƙasa, a sama kuma wani ruwa garau mai launin sabon man gyaɗa. Shi ne ruwan jini, kuma a cikinsa muke neman magani. Tun daga kallonsa akwai labari. In ya yi ja-ja, an wahalar da jinin wajen ɗiba, zubarwa za a yi a sake. In ya yi fari kamar madara, mai shi ya tsaya wurin mai fura a hanya, kuma ba a yi masa rowar man shanu ba.

Sai ka tsotse ruwan da fifet a hankali, ba tare da ka taɓa jan ba, ka zuba masa asid. Nan take zai tsinke ya yi gudaji kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Ka tace da takarda, ka samu ruwa fari tas kamar na sha. Maganin yana ciki, amma ido ba ya ganinsa. Don a fito da shi, akwai ruwan sinadari iri uku da ake ɗigawa bi da bi, ana dakatawa a tsakani. Na farkon ba ya kwana, kullum sabo ake haɗawa. Na ƙarshen a baƙar kwalba yake zama cikin firij mai kananzir, don haske yana kashe shi. Shi ne mai fito da launi. Da ya sauka, sai ruwan ya fara juyawa a gaban idonka, ya koma launin zoɓo. Magani kaɗan, zoɓon da aka cika wa ruwa. Magani da yawa, zoɓo mai kauri.

Amma "kauri" ba lamba ba ce. Saboda haka kowace ranar awo muna haɗa wasu kwalabe na ma'auni, waɗanda mu da kanmu muka auna maganin muka zuba, daga ɗan kaɗan zuwa mai yawa, mu bi da su ta duk hanyar da muka bi da na marasa lafiya. Da su ake kwatantawa. Muna da wani ɗan akwati mai fitila a ciki: ka saka kwalba, haske ya ratsa ta, wani tsinke kamar hannun agogo ya motsa ya nuna yawan hasken da launin ya tare. Da batirin motar asibiti yake aiki. Duk ranar awo sai an yi ciniki da direba kafin ya yarda a ciro masa batir, yana cewa mun mayar da motarsa fitilar ƙwai. Ranar da motar ta yi tafiya kuwa, sai taga da farar takarda da ido. Oga yakan jera kwalaben, ya kalla, ya faɗi lamba, ni ma in faɗi tawa ba tare da na ji tasa ba. In mun yi nisa da juna, a sake daga farko.

Mutanen da muke ɗibar jininsu galibi manoma ne: Maguzawa daga unguwanninsu na cikin daji, da Kiristocin da ke kewayen mishan, da Musulmi daga garuruwan kan hanya. Allura ba ta dame su ba. Abin da ya dame su shi ne inda jinin ke zuwa. Wata tsohuwa ta taɓa zama a ƙofar ɗakinmu ta ce ba za ta tashi ba sai an ba ta ragowar nata, don ta ga ba duka muka yi amfani da shi ba. Oga ya kai ta bayan ɗaki, ya zuba shi a ramin da muke zubarwa, ya bi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta a gabanta. Ta leƙa ramin ta ce, "To, na wa da na wa ke ciki?" Aka ce na mutane da yawa. Ta ce, "In dai ba na Inna Kande a ciki, ba komai." Maƙwabciyarta ce, sun yi shekara ba sa magana saboda akuya.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce shekarar sanƙarau. Da zafi ya tsananta cutar ta shigo yankin, aka ajiye kowane aiki aka koma kanta. Mu 'yan ɗakin gwaji muka koma duba ruwan ƙashin baya daga safe har duhu. Maganin sanƙarau a lokacin ƙwayar sulfa ce, aka raba ta ko'ina, ta cika har tiren 'yan koli a kasuwa, mai ciwon kai ma ita yake saya. Da abin ya lafa muka koma awonmu, sai muka ga kusan kowace kwalba tana fitowa jawur. Ashe sulfa da dafson 'yan gida ɗaya ne, sinadarinmu ba ya bambanta su, duk launi ɗaya yake ba su. Aikin watanni ya tashi a banza, Likita ta soke shi da jan biro. Tun daga nan ba ma ɗibar jinin kowa sai an tambaye shi ko ya sayi ƙwaya a kasuwa.

A bazarar shekarar da ta biyo baya ne muka haɗu da jinin Nomau.

Nomau Bamaguje ne daga wata unguwa can wajen Musawa, magidanci mai ƙarfi, mai yawan raha. Cutar ba ta yi nisa a jikinsa ba: tabo ɗaya a kafaɗa wanda ba ya jin tsinke, da ƙaramin yatsan hagu da ya fara mutuwa. Irinsa ne ake fatan samu da wuri. Da yake gidansa da nisa, akan ba shi ƙwayoyin makonni ya tafi da su. Mai ba shi kuwa shi ne Malam Sule disfensa, wani siririn mutum mai keke, wanda ke zagaya ƙauyuka ranakun kasuwa yana rabon magani.

Ƙa'idar awo ita ce a ɗebi jini da safiyar ranar da mutum zai ƙara magani, kafin ya ƙara, lokacin da na baya ya kusa ƙarewa a jiki. A nan ake gane ko jiki yana fitar da shi yadda ya kamata. Don haka akwai jimla ɗaya da dukanmu muke faɗa wa kowa, daga Likita har Malam Sule: "Ranar da za ka zo ɗibar jini, kada ka sha magani."

Kwalbar Nomau ta fito da kauri irin wanda ban taɓa gani ba tun bayan sanƙarau. Ta wuce ma'auninmu mafi ƙarfi, tsinken akwatin ya tafi can ƙarshe ya kwanta. Oga ya karɓi ragowar ruwan jinin ya yi da hannunsa, da sababbin kwalabe da sabon sinadari. Haka ta sake fitowa. Na sauran mutane kuwa duk lafiya lau. Aka aika wa Nomau ya dawo, aka sake jaddada masa kada ya sha magani, ya ce ya ji. Ya dawo, aka ɗiba, ta fito kamar ta farko.

Malam Sule ya zaunar da shi a barandar ɗakinmu.

"Nomau, tsakaninka da abin da kake bauta wa, ka sayi ƙwaya wurin 'yan koli?"

"Ni? Ku kuna ba ni kyauta, in je in saya? Malam, kuturta gare ni, ba hauka ba."

"Ka sha magani yau da safe?"

"Ko kurɓi ɗaya. Aradu ta faɗo mani in na sha."

"Burkutu fa?"

"Burkutu ai ba magani ba ne, abinci ne. Kai ma da kana ɗan taɓawa da wannan keken bai fi ka nauyi ba."

Likita ta duba leɓɓansa da idanunsa da farcensa, ba ta ga alamar komai ba tukuna. Amma ta ce lamba irin wannan ba a wasa da ita. Ko dai jikinsa ba ya fitar da maganin, yana taruwa, ko kuma yana ƙara wani abu da ba mu sani ba. Ko wanne ne, wata rana zai faɗi a gona. Ta ce hanya biyu ce: ya kwanta a asibiti a riƙa ba shi magani a gaban ido har a gane, ko da zai kai ƙarshen damina, ko kuma a tsayar masa da maganin gaba ɗaya.

Nomau ya daina dariya. Lokacin an gama sharar gona, kowa ya gyara irinsa, ido na gabas. Shi ne babba a gandunsu, 'ya'yansa ba su kai riƙe garma ba.

"In na kwanta nan, wa zai yi mani shuka? Gidana me za su ci baɗi, lambar kwalba?"

"In ka tafi ba magani, da wane hannu za ka riƙe fartanya nan da 'yan shekaru?" in ji Malam Sule.

Aka daɗe ana ja. A ƙarshe ya yarda zai zauna, amma da sharaɗi. "Ranar da na ji ƙamshin ƙasa, ko da allurarku a hannuna, tafiya zan yi."

Aka kwantar da shi, aka hana shi ƙwaya, kowace safiya muna ɗibar jini kaɗan. Ba mu auna su ɗaya-ɗaya ba. Mukan raba ruwan jinin mu ajiye a firij, don a auna su duka rana ɗaya da sinadari ɗaya, kada bambancin haɗi ya ruɗe mu. Shi kuwa Nomau zaman ɗaki ya gagare shi. Kafin a ankara ya gyara wa asibiti dangar lambu, ya wasa wa mai gadi gatari, ya kuma gaya wa mai dafa abinci cewa tuwonsa na marasa lafiya ne da gaske. Kullum da hantsi zai zo tagarmu ya leƙo.

"Oga, jinin nawa bai gaya maku komai ba har yanzu?"

"Yana cikin sanyi, yana hutawa."

"Shi ke hutawa, ni ina nan ina ramewa."

Ranar da muka auna, muka jera kwalaben a bakin taga bisa tsarin kwanakinsu. Ba sai an kunna akwati ba. Ta farko jawur, ta biyu ta sassauta, ta gaba ta ƙara, har ta ƙarshe da sai ka sa farar takarda a bayanta za ka ga launi. Jikin Nomau yana fitar da magani kamar na kowa. Likita ta ji daɗi, amma ba ta sake shi ba. Ta ce tun da jikin lafiya yake, to abin daga gida yake shigowa, kuma tun da ba a san mene ne ba, ba za ta ba shi ƙwaya ya tafi da ita ba. Sai dai ya riƙa karɓa a gabanmu. Zuwa sau biyu a mako daga unguwarsu kuwa ba zai yiwu ba da damina, don akwai rafin da ke cika ya raba su da hanya. Maganar ta koma inda ta fara: kwanciya, ko barin magani.

Da azahar ɗin ranar gabas ta haɗe. Iska ta fara kaɗa darbejiya, awaki suka fara neman gindin bango. Nomau bai yi wa kowa gardama ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya rataya gorarsa, ya zo barandarmu yin sallama. Likita tana tsaye, Oga yana tsaye. Malam Sule ne ya buɗe gwangwaninsa ya ciro ƙwaya ɗaya, ya ɗebo ruwa a moɗa.

"To, ko ta yau ce ka tafi da ita a cikinka. Ungo, sha."

Nomau ya karɓi ƙwayar, ya mayar masa da moɗar. "Kai dai Malam da son cewa sha. Wannan ai ba a shan ta, haɗiye ta ake yi. Abin sha yana gida, shi ma saboda ku ne Tabawa ta yi ta zubar da shi."

"Wace Tabawa? Me ta zubar?"

"Mai ɗakina mana. Jiƙon saiwar da take yi mani kowace safiya. Ba kun ce ranar zuwa kada in sha magani ba? Ban sha ba. Har faɗa muka yi da ita, ta ce asibiti na hana mutum magani."

Malam Sule ya ajiye moɗar a ƙasa a hankali. "Ƙwayar fa? Ranar da kake zuwa ɗibar jini, me kake yi da ƙwayar?"

"Ina haɗiye ta tun da asuba, a bakin rafi, kafin in kamo hanya." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai mamakin tambayar. "Ba ita kuke nema a cikin jinin ba? In na zo ba ita, me za ku gani? Har ta farkon mako nake ajiyewa in haɗa su biyu, don kada ku sha wahalar nema. Na ga yadda yaron nan ke murza injin har gumi."

Oga Matiyu ne ya fara. Ya dafa bango yana dariya har hawaye, yana cewa, "Kai, Hausa! Kai, Hausa!" Likita ba ta kama zancen duka ba, don Hausarta ta littafi ce, sai da aka warware mata. Malam Sule kuwa ya tsaya kare kansa.

"Haba Nomau! Kowa ya san shan magani ake cewa, ko na ruwa ko na ƙwaya."

"A gari ke nan. Mu a wurinmu abin da ke cikin ƙwarya shi ake sha. Kai in aka ba ka ƙwayar gero ɗaya, sha kake yi?"

Malam Sule ya sunkuya ya ɗauki moɗarsa.

Likita ta zaunar da Nomau ta yi masa bayani da kanta, Malam Sule yana gyara mata, cewa haɗa biyu shi ne abin da zai iya kayar da shi, kuma mu ragowar maganin muke nema, ba sabonsa ba. Ya saurara da kyau, ya ce da an faɗa masa haka tun farko ai da bai wahalar da kowa ba. Aka ƙunsa masa ƙwayoyinsa kowace a takardarta daban. Ya cusa su cikin gora ya toshe bakin, ya ɗora tabarma a ka. Ɗigon farko ya same shi a ƙofar asibiti, muna hango shi yana sassarfa ta cikin gonaki.

Jimlarmu ta canza daga ranar. Malam Sule ya mayar da ita doguwa kamar sanarwar mai shela: "Kada ka sha, kada ka haɗiya, kada ka tauna, kada ka tsotsa, kada ka ajiye ta jiya ka haɗa da ta yau." Da ya zagaya unguwannin wancan gefen yana tambaya, ya samo wasu mutum biyu da ke yi mana irin wannan karamcin.

Bayan an gama noman farko, ranar wata kasuwa da rafin ya janye, sai ga Nomau da sassafe, laka har ƙwauri. Ya zauna, ya naɗe hannun riga ya miƙa wa Oga.

"Yau dai hannu wofi na zo maku. In ba ku samu komai ba, kada ku ce ni ne marowaci."

Ya ƙi tafiya sai ya ga sakamako, don haka muka fara da kwalbarsa. Na murza, na tace, na ɗiga. Launin ya taso ɗan kaɗan ya tsaya, daidai inda ake so. Likita ta duba ta ce ya ci gaba da karɓar maganinsa a gida.

Nomau ya ciro ƙunshin takarda daga gora, ya warware, ya ɗaga ƙwayar saitin fuskar Malam Sule.

"To, yanzu fa? In sha, ko in haɗiya?"

"Haɗiye abinka, ka ba mu wuri."

Ya jefa ta baki, ba ruwa, ya miƙe. Oga ya ce ya tsaya ya ci abinci. Ya ce a'a, dawarsa ta kai gwiwa, ciyawa kuma ba ta san ya zo asibiti ba.